Saharar Beltsville

Ni Bazazzage ne, Maitama kuma Bakano, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ba gulma ba ce, wasan gado ne. In ya ji haushi, ya kai ƙara wurin kakanninmu.

Duk Bahaushen da ya zauna tsakanin Beltsville da College Park a shekarun nan ya san Maitama, kuma dole ya san Agadas. Ko zaman shayi ne, ko walima, ko ta'aziyya, sai Maitama ya ɗora mu a babbar mota ya ratsa da mu Sahara. Wai yana saurayi shi ne direban da ake ji da shi a hanyar Kano zuwa Agadas. Kowace shekara motar sai ta ƙara tsawo, rairayin ya ƙara zurfi. Farkon zuwana Amurka gero ya ɗauko a motar, amma kafin in saba da sanyin ƙasar geron ya koma raƙuma. Matarsa Hasiya, da zarar ya ce “wata rana a hanyar Agadas,” sai ta miƙe ta ce za ta duba tukunya, ko da a gidan mutane muke.

Sana'arsa a nan kwashe wa masu sauya gida kaya. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara da ya sa wa suna Taguwa, wato macen raƙumi, yana shafa mata goshi yana yi mata magana.

Amma in faɗi gaskiya, mutumin kirki ne, kuma akwai abin da ke cin ransa. Rabin Hausawan unguwar shi ya ɗauko su daga filin jirgi, a falonsa suka yi ta kwana kafin su sami wurin kansu. Duk da haka ba wanda ya taɓa yi masa takwara. In an yi haihuwa sai a sa sunan uba ko na wani malami can gida. Maitama ya ci naman suna, ya fi kowa dariya, in mun shiga mota ya yi shiru har gida. Abin yana ba ni tausayi, sai dai ban taɓa gaya masa ba, kada kan Bakano ya kumbura.

Sai Allah ya ba Rilwanu da matarsa Tayyiba ɗa namiji bayan dogon jira. Rilwanu injiniya ne, shi ma tsohon ɗan falon Maitama, kuma ransa yana son ya sa wa yaron Yusuf, wato sunan yankan Maitama. Amma mahaifiyarsa, Hajiya Sadiyya, ta taso takanas daga Katsina da sunan marigayi mijinta Umaru a bakinta, Rilwanu kuwa ba ya iya haɗa ido da ita.

Ana haka, cikin Fabrairun 2010, sama ta juye mana dusar ƙanƙarar da har yau tsofaffin Washington suke labarinta. Ofisoshi a rufe, makarantu a rufe, motoci sun zama kaburbura farare a bakin titi. Ranar suna gari ya waye da rana tas, amma ragon yana can gonar wani Bature mai suna Gregory a bayan gari, ya bugo waya ya ce ba zai iya fitowa da shi ba.

Da ƙafa muka taru a gidan Rilwanu, muna nutsewa har gwiwa. Liman Sirajudeen, mutumin Kumasi, ya gyara murya.

“Hajiya, addini da sauƙi. A raɗa suna yau, rago ya biyo baya in hanya ta buɗe. Ko Gregory ya bari mu je can mu yanka, kamar yadda muka saba.”

“Malam, na ji karatu,” in ji Hajiya. “Amma ba za a raɗa wa jikana suna a bushe ba. Kuma ragon da ban ga idonsa ba, ban san shi ba.”

Sai ga dariya daga bakin ƙofa. Maitama ne, ya zuba babbar riga a kan ƙatuwar rigar sanyi, ya naɗa baƙin rawani irin na Buzaye, idanu kawai a waje.

“Wai wannan ɗan farin yashin ne ya tsayar da ku? Hajiya, snow ɗin nan rairayi ne, firji kawai aka saka shi. Wanda ya ratsa Sahara ba ya tambayar hanya a Maryland.”

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. “Kai ne mai Agadas ɗin da ake faɗa?”

“Ni ne, Hajiya, Allah ya ƙara girma.”

“To ga ni ga ka, ga liman shaida. In ragon nan ya tako ƙofar gidan nan kafin azahar, na janye Umaru, yaro ya ci sunanka. In azahar ta yi babu rago, sunan mijina.”

“Baban Rumasa'u,” in ji Hasiya daga kicin, “zauna ka sha kunu.”

Ko waiwayenta bai yi ba. Ya nuna ni da yatsa. “Halilu, tashi. Ba a shiga Sahara ba bawa.”

Sunana Khalil, amma bakin Bakano bai taɓa iya faɗinsa ba. Ko lasin tuƙi ba ni da shi, jirgin ƙasa na Metro nake shiga zuwa ofis. Na dai tashi, don bai kamata Bakano ya ji kunya babu Bazazzage a wurin ba.

Gidansa yana kan tudu, a saman layin. Muka haƙo Taguwa da shebur. Abin da ya fara yi shi ne ya haye bayanta ya dinga jefo buhunan yashin da Hasiya ta sa aka jera tun shigowar sanyi don su danne tayoyin baya.

“Maitama, kowa a garin nan nauyi yake sa wa a-kori-kura.”

“Wa ya taɓa ɗaukar yashi zuwa Sahara? A rairayi nauyi shi ne maƙiyinka.”

Daga nan ya zaro tsinken sakace daga aljihu, ya tsuguna gaban tayar gaba, ya danna bawul. Iska ta fara fita, shi kuma ya karkata kai ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi.

“Asirin ke nan,” ya ce. “Taya mai tauri nutsewa take yi. In ka sace ta sai ta baje kamar ƙafar raƙumi, ta bi ta sama.”

Na nuna masa 'yar takardar da masu ƙera motar suka manna a jikin ƙofa, mai faɗin yawan iskar da ake so.

“Wanda ya rubuta wannan ya taɓa zuwa Agadas?”

“Ina gejinka na awon iska, to?”

“Kunnena ne geji.”

Olive, wata dattijuwar nas 'yar Jamaika da ke maƙwabtaka da Rilwanu, ta zo wucewa za ta duba wata mara lafiya a saman layi. Ta tsaya ta dogara da sandarta.

“Mista Maitama, tayarka tana fitar da iska.”

“Ni nake fitar da ita, madam.”

“Da gangan?”

“Fasahar Afirka ce.”

Ta dube ni. “Kai ma shiga za ka yi? Ina gida duk yinin yau, in kun buƙaci ɗinki.”

Muka shiga, ya tayar, ya taka totur. Tayoyin baya suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna feshi, Taguwa ko motsi. Maitama ya ce wannan ma an san maganinsa: a Sahara faranti na ƙarfe ake cusawa ƙarƙashin taya. Ya shiga gida ya fito da manyan farantan silba na Hasiya, waɗanda ta wanke ta kife don shinkafar suna. Ya cusa su, ya koma ya taka. Faranti ɗaya ya tashi ya tsallake titi ya daki akwatin wasiƙun gidan da ke kallonmu, ƙarar ta cika unguwa. Ɗayan har yau ba a san inda ya sauka ba. Amma motar ta fita, mutumin naku ya buga hon sau ba adadi, ya ɗaga wa maƙwabta masu shebur hannu.

Babban titi an ɗan share shi, sai dai abin da ya rage ya daskare ya zama santsi. Taguwa ta fara rawa. Gabanta yana son zuwa gona, bayanta yana son komawa gida. A wata mahaɗa ta juya da mu a hankali, cikin ladabi, har muka sami kanmu muna kallon inda muka fito.

“Ka ga?” in ji Maitama. “Iska ta yi yawa.”

Ya fita da tsinkensa.

Haka muka yi ta yi. Ta zame, ya sace. Ta kafe, ya sace. Na tura, ta watsa mini ƙanƙara a baki, ya sace. Wani mai motar share hanya ya biyo mu a baya yana hon, da ya samu ya wuce sai ya sauke gilashi ya nuna tayoyinmu da hannu biyu. Maitama ya ɗaga masa babban yatsa.

“Ya gane aikin,” ya ce da ni. “Ɗan sana'a ba ya ɓuya.”

Da muka isa gonar, tayoyin Taguwa sun kwanta kamar gurasar da ta sha romo. Gregory, wani ƙaton dattijo mai farin gemu, ya sauko daga tarakta, ya zagaya motar, ya cire hula ya sosa kai.

“Ƙusa kuka taka? Duka huɗun?”

“Fasaha ce,” in ji Maitama.

“Ni dai in sanyi ya shigo ƙara iska nake yi, don sanyin da kansa yana rage ta. Ga injin iska can a rumfa, yanzu zan cika muku.”

“Maitama, don girman Allah,” na ce.

“Ka san Agadas?” ya tambayi Gregory.

“A wace jiha take?”

Maitama ya juyo gare ni ya koma Hausa. “Ka ji ko? Mutumin da bai san inda Agadas take ba, shi zai koya mini taya.”

Ragon kuwa masha Allah: fari, ƙato, ƙaho a murɗe, ga kallon raini. Gregory ya ce atafau ba za a ɗora masa dabba a buɗaɗɗen baya ba cikin wannan sanyi, a wannan mota, da wannan direba. Sai gaba. Muka cusa shi tsakaninmu, kansa wajen Maitama, ɗaya ɓangaren wajena. Ba zan yi dogon bayani a kan abin da na shaƙa ba. Kafin mu fita daga gonar rago ya gano jelar rawanin Maitama ya fara tauna.

“Ka ga ya san Buzu,” in ji Maitama. “Dabba ba ta ƙarya.”

Muna shan kwanar shiga Beltsville sai muka ji wani “fuf” daga baya, motar ta durƙusa gefe guda. Na leƙa. Tayar baya ta hagu ta zame daga jikin wili, tana lilo kamar takalmin aro.

“Ina safaya?”

Ya kau da kai.

“Maitama, ina safayar taya?”

“Nauyi ce. Tana gida tare da yashin.”

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ni ma na duba. Ta kusa tsakiya. Na ce mu sauka mu ja ragon da ƙafa, tunda saura kaɗan. Ya ce shi da ya fita a mota gaban Hajiya ba zai koma mata yana jan igiya kamar ɗan kiwo ba. Ya sa giya. Muka ci gaba, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, masu share ƙofar gida suna ajiye shebur suna ɗaukar mu hoto da waya.

Muka iso saman layinmu. Daga nan gangara ce miƙaƙƙiya har gidan Rilwanu a can ƙasa, tana ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa. Wayata ta yi ƙara.

“Yaya Khalil, kuna ina?” in ji Rilwanu. “Liman ya shiga alwala. Na sa ku a sifika, Hajiya da kowa suna ji.”

Jin haka sai Maitama ya dawo Maitama. Ya miƙo wuya ta saman rago.

“Hajiya, a wasa wuƙa. Yanzu zan nuna wa Bazazzagen nan yadda ake sauka daga tudun rairayi. Ba a taɓa birki, wuta ake ba ta.”

Ya ba ta wuta.

Taguwa ta karɓa. Ta yi gaba kaɗan, sannan ta ba da gefe, sannan ta ba da baya. Gidaje suka fara wucewa ta gabanmu, na Maitama, na maƙwabcinsa, na Maitama kuma. Wayar ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin rago. Rago ya firgita ya fizgi rawani, naɗin ya zamo ya rufe wa direba ido. Ya taka birki, ya taka totur, ya taka ƙafar rago, rago ya rama da ƙaho. Ni kalmar shahada kawai nake maimaitawa.

“Halilu,” in ji murya daga cikin rawani, “in na riga ka, ka roƙa mini gafarar jama'a. Ban taɓa zuwa Agadas ba.”

“Riƙe sitiyari.”

“Ba direba ba ne ni. Fasinja ne, a saman buhunan gero. Amai na yi ta yi tun daga Ɗambatta, direban ya gaji ya sauke ni a Damagaram.”

“Sace tayar fa?”

“A tasha na ji ana hira.”

Ko a bakin mutuwa Bazazzage ba ya barin ciniki rabi. “Raƙuman fa?”

“Wane raƙumi, Halilu? Tsoron su nake ji.”

Sai muka ji luf. Taguwa ta shige da baya cikin tulin ƙanƙarar da aka tara a ƙofar gidan Olive, ta tsaya hancinta a sama. Babu wanda ya ji ciwo. Ƙofar ɓangarena ta ɓalle da kanta, rago ya juya, ya taka cinyata, ya dire. Jelar rawanin ta sarƙe a ƙahonsa. Ya bi 'yar hanyar da aka share, yana tafe rawani yana warwarewa a bayansa, har ya isa ƙofar Rilwanu ya tsaya gaban Hajiya Sadiyya, suka kalli juna ido cikin ido.

Kowa yana waje. Maza, mata, liman da hannun riga a naɗe, Olive a bakin ƙofarta da akwatin magani. Maitama ya shafa kansa da ya rage ba rawani ba hula, ya sauke ajiyar zuciya, ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Halilu, maganar nan ta tsaya tsakaninmu.”

Muryar ta fito sau biyu: ɗaya a kunnena, ɗaya daga wayar da ke hannun Rilwanu, tas, har da amsa-kuwa.

Hasiya ce ta fara magana. Ta ɗaga hannu sama.

“Alhamdu lillahi. Yau na huta da duba tukunya.”

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Manyan likitoci suna faɗuwa cikin ƙanƙara suna riƙe ciki. Liman ya juya baya wai yana tari, kafaɗunsa suna rawa. Tayyiba mai jego tana daga taga tana roƙon a daina, ɗinkinta. Olive ba ta jin Hausa, amma sai da ta zauna.

Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Sai da na waiwaya na ga Maitama ya fito ta taga, ya zauna a kan tulin ƙanƙara kusa da tayar da ta mutu, ya sunkuyar da kai, babbar riga ta jiƙe. Bai kare kansa ba, kuma tunda na san shi ban taɓa ganin haka ba. Nan take na daina dariya.

Wani daga cikin taron ya ce ai rago shi ya kawo kansa, don haka sharaɗi bai cika ba. Wani ya ce in ana bin gaskiya sai dai a sa wa yaro sunan ragon.

Hajiya ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta kama ƙahon, ta duba haƙora, ta shafa gadon baya.

“Malam, azahar ta yi?”

“Da saura, Hajiya.”

“Cewa na yi in rago ya tako ƙofar nan. Ya tako, da idona na gani.” Ta warware rawanin daga ƙahon ta miƙa wa ɗanta. “Rilwanu, kai wa babanka Maitama kayansa, ka shigo da shi. Mutumin da bai iya ba, yana jin tsoro, ya fita cikin wannan masifa saboda jikana, ya fi mini wanda ya iya ya zauna yana shan kunu. Umaru ya jira na gaba, dama mai haƙuri ne tun yana raye.”

Masu shan kunun suka dubi ƙasa.

A gareji aka yanka ragon, liman ya yi addu'a ya sanar da suna: Yusuf. Aka shafa, aka shigo falo, aka naɗo jariri cikin tawul aka ɗora wa Maitama a hannu. Ya riƙe shi kamar ƙwai, hawaye suna bin gemunsa, bai ko share ba.

Wata daga cikin mata ta ce, “To Hajiya, tunda ga mai sunan a zaune ba ma kira gatsal ba. Maitama ƙarami za a ce?”

“Maitama ɗaya ya ishi unguwa,” in ji Hajiya. “Agadas za mu kira shi. Allah ya raya shi, ya kai inda takwaransa bai kai ba.”

Falon ya amsa da amin mai ƙarfi, har da Olive. Na zaci Maitama zai ji nauyi. Sai na ga ya sunkuya ya kira sunan a hankali a kunnen yaron, ya sake kira, fuskarsa tana washewa. Ya gyara zama, ya gyara rawani, ya dubi jama'a.

“Yaron nan,” ya ce, “ni zan koya masa tuƙi.”

Hasiya ta zura hannu a aljihun babbar rigarsa, ta zaro makullin Taguwa da tsinken sakacen, ta miƙa wa liman ajiya.